Bakancen Auta

Daga Tertulla, a Pestum, zuwa ga ƙanenta Lukriyo, mai sassaƙar dutse a Narbo.

Gaisuwa mai yawa. In kana lafiya, madalla, mu ma muna nan yadda ka san mu. Ina Suwadra, ina yara? Ka shafa min kan mai sunan Inna, tunda dai ba ka ga damar kawo ta mu gan ta da ido ba. Maigidana Hilarus yana gaishe ka. Ƙafarsa ta sake kumbura, likita ya hana shi naman gishiri, shi kuma ya hana likita shiga gidan.

Wardin kaka ya yi albarka bana. Muna matsar turare tun safe har yamma, hannuwana sun rine kamar na mahauci.

Bayan haka, ba don wardi na ɗauki alƙalami ba. Inna ce. Jikinta garau, tana ci tana sha, ta fi ni saurin tafiya. Kanta ne. Da farko na ɗauka tsufa ne kawai: ta zuba gishiri a man turare, ta aika gaisuwa ga maƙwabciyar da ta rasu tun kana nan. Muka yi dariya, ita ma ta taya mu. To, ranar kasuwar da ta wuce ta ce za ta kai wa Uwargijiya Mens, allahiyar hankali, furanni, ta fita, sai ga wani mai jaki ya dawo da ita daga ƙofar teku. Ta ce masa an ɗauke ɗakin bautar daga inda yake.

Lukriyo, Inna ce fa ta ɓata a hanyar ɗakin Mens. Lokacin da ta fara zuwa can ba a haife ka ba, amma ka ji labarin har ka gaji. Ranar da tsoho Benneyus ya 'yanta mu, ni da ita, ina riƙe da gefen rigarta, ba masauki ta fara nema ba. Can ta nufa, ta tsaya gaban siffar ta ce, "Uwargijiya, tun da aka haife ni da hankalin ubangidana nake yawo. Yau ba ni da ubangida, sai ki ba ni nawa." Tun daga nan ba ta taɓa fashin zuwa ba, ko ruwa ake ko zazzaɓi take. Duk 'yantaccen garin nan haka yake da Mens, amma ita tata ta fi ta kowa.

Na shekaranjiya ne ya fi tayar min da hankali. Da sassafe na neme ta na rasa. Na same ta ƙofar tsohon gidan Benneyus, inda masu wankin tufafi suke yanzu, tana shara. Na ce, "Inna, me kike yi nan?" Ta ce, "Yi ƙasa da murya. In wakili ya fito bai ga an share ba, jikina ne zai gaya min." Wakilin nan ya mutu kafin ka yi haƙori.

Har yanzu tana gane ni, yawancin lokaci. Kuma kullum in an sauke tukunya sai ta ce, "Auta ya ci?" In ce ya ci. Shekara da shekaru kana ce mana baɗi, baɗi. Ban taɓa matsa maka ba, na san aiki, na san iyali. Yanzu kam na matsa. Zosimus mai fataucin turarenmu zai juyo daga wajenku kafin sanyi ya shigo a rufe teku, ka biyo shi. Ka zo tun tana da sunanka a baki.

Ka zauna lafiya.

*

Daga Lukriyo, a Narbo, zuwa ga yayarsa Tertulla.

Gaisuwa da girmamawa, Yaya. Muna lafiya, sai iskar garin nan da ta fara, mai kwashe rufin ɗaki ta bar mutum da tagumi. Suwadra tana gaishe ki. Mai sunan Inna ta fara famfara, tana yawo da giɓi tana taƙama. Ki ce wa Hilarus ya bi likita ko don ke.

Na fara karanta takardarki a tsaye a bakin jirgi, ban iya ƙarasawa ba sai da na zauna kan buhun wani. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Tun ranar ba abin da nake ji a hancina sai ƙanshin wardin da ke hannunta in ta kama kunnena. Duk ƙasar nan ba mai dafa wake da daddawar kifi irin nata. Suwadra ta gwada, ta sake gwadawa, na ce ta bari kada mu ɓata.

Ban zauna haka kawai ba. Nan ba su da ɗakin Mens, sun fi sanin allolin kasuwa da na iska. Sai na fita bakin teku, na fuskanci wajenku, na ja mayafi na rufe kaina yadda ake yi, abokan aikina biyu suna tsaye shaida, na yi bakance da babbar murya. Na ce in Uwargijiya ta mayar wa uwata Kalliste hankalinta, zan sassaƙa mata dutsen hadaya na farin marmara da hannuna, in ɗauko shi da kaina har Pestum, in kafa a ƙofarta. Na riga na sayi dutsen, ko jijiya ɗaya babu a jikinsa.

To, kin san yadda abin yake. Ita za ta fara, ni in biya. In na zo yanzu hannu wofi, tamkar na ce mata na fid da rai, na janye maganata. In na zo da dutsen kafin ta yi nata, na zama mai tura wa Uwargijiya lada don in kunyata ta. Ko wanne na yi, Inna ce za ta kwana a ciki. Ki tambayi Hilarus, shi da ke cikin masu kula da ɗakin bana, zai gaya miki ban kauce ba.

Matar da ta yi wa Mens hidima tsawon rai, ba za ta yar da ita a hanya ba. Ina ji a jikina kafin bikinta na watan Yuni za ki aiko min da albishir. Ga bargon ulu irin na mutanen Gal, wato 'yan ƙasar nan, yana wajen Zosimus, ki lulluɓa mata. Ki ce mata Auta ya ci, har ya yi tumbi.

Ki zauna lafiya.

*

Daga Tertulla zuwa ga Lukriyo.

Gaisuwa. Muna lafiya, in har ana kiran wannan lafiya. Na san ba jirgin da zai tashi sai bazara, takardar nan za ta yi watanni a akwati, amma in ban rubuta ba zan fashe.

Na tambayi Hilarus kamar yadda ka ce. Ya yi ta shafa haɓa, ya ce bakancenka ya ɗauru, ba inda za a kama shi. Na ce ya rufe min baki. Ku maza, in kun sami ƙa'ida kun sami inuwa. Na ce ka zo ka ga uwarka, ka aiko min da bargo da shari'a. Sannu da ƙoƙari, babban malamin Narbo.

Bargon ma bari ka ji. Ta shafa shi ta ce wannan kayan manya ne. Ta ninke shi tsaf ta ɗora kan kujera, wai kada a gan shi a shimfiɗarta a ce ta sata. Da tsohon buhu take rufa.

Ta daina ce min Tertulla. "Uwar ɗakina" take ce min, ni da ta haifa a ɗakin bayi. In na shigo sai ta miƙe ta sunkuyar da kai. Ba ta ci a gabana, sai ta faki idona ta tura gurasa cikin riga. Ka san abin da ya fi ci min rai? Ba mantuwar ba ce. Da komai ta manta da na haƙura. Abin da ta sha wuya ta fita daga cikinsa, shi kaɗai ya rage mata. Mens ta karɓe abin da ta ba ta, ta mayar da ita baiwa.

Sai da bikin Saturnus ya zo na sami sa'ida. Na ce mata, "Kalliste, yau Saturnaliya ce, yau iyayen gida ke yi wa bayi hidima, zauna." Ta yi 'yar dariya ta ce, "Af, ashe ta zo." Ta zauna ta miƙe ƙafa, na zuba mata, har ta ce gishiri bai ji ba in ƙaro. Tun daga ranar, kullum Saturnaliya ce a gidan nan lokacin cin abinci. Hilarus da kumburarriyar ƙafarsa shi ke zuba mata ruwan wanke hannu, tana yi masa tsiya.

Ranar bikin ce ranar ƙarshe da ta tambaye ka. Ta dubi ƙofa ta ce, "Auta fa?" Na ce yana hanya. Ba ta sake ba, ni ma na daina tuna mata, don in na ambace ka sai ta dube ni da ladabi kamar na yi mata yaren Gal.

Zan faɗa maka abin da nake gani, ka ji haushi in ka ga dama. Ba Mens kake tsoro ba. Tsoro kake ka shigo ta dube ka ta ce wane ne wannan. Ni kullum ake yi min, ban mutu ba. Kai da 'yancinka aka haife ka, ba wanda ya taɓa saye ko sayar da kai, shi ya sa ka saba abu ya zo maka yadda kake so.

Ina kewarka, shashasha. Ba ni da wanda zan ce wa "ka tuna?" ya ce ya tuna.

*

Daga Lukriyo zuwa ga Tertulla.

Gaisuwa, Yaya. Mun fita sanyi lafiya, sai tari da ya zaga gidan ya wuce. An buɗe teku, jirage sun fara shigowa, ban ga taki ba tukuna. Na ce wa Suwadra shirun nan alheri ne, da wani abu ya faru da kin aiko ko ta hanyar tudu.

Dutsen ya kusa. Duk sanyin nan a kansa na ƙare, in na tashi daga sassaƙa wa mutane duwatsun kabari. Na zagaye shi da wardi, irin namu mai ninki, ba irin na nan ba da kamar an yi masa rowar ganye. Na sa sunan Uwargijiya a sama, na sa na Inna, na sa nawa. Layin ƙasa kaɗai na bari, inda ake cewa an cika bakance da farin ciki domin ta cancanta. Wannan sai na ji daga gare ki.

Na kawo nan a rubutu sai ga Zosimus ya iso da takardarki ta sanyi.

Na karanta. Kin ce tsoro nake. To, ina tsoro. Ina kwana ina tashi da fuskarta ta ranar da ta raka ni bakin jirgi tana yi min faɗa kan takalmi, ban san yadda zan yi in tarar da wata fuskar ba. Amma ko da tsoro ko babu, na yi magana gaban shaidu da kaina a rufe. Yanzu da abin ya tsananta ne zan karya? In akwai sauran abin da zai dawo da ita, wannan ne, ba ganina ba. Ranar takwas ga Yuni ki kai ta ɗakin, ki tsayar da ita inda ta tsaya da farko. Ki yi haƙuri da ni, Yaya.

*

Daga Tertulla zuwa ga Lukriyo.

Gaisuwa. Kowa lafiya.

Albishirinka. Na kai ta ranar bikin kamar yadda ka ce. Uwargijiya ta yi nata. Inna ta dawo hayyacinta, ta kira ni da sunana, tana tambayar ka. Saura naka. Ka ɗauko dutsen ka taho da jirgin farko, kada ka tsaya gyaran komai. Ka fi ni sanin ba a sa Uwargijiya jira.

In ka sauka Puteyoli ka biya ta shagon Zosimus kafin ka kamo hanyar gida.

*

Daga Lukriyo zuwa ga Tertulla.

Gaisuwa, Yaya, gaisuwa. Ban san da me zan fara ba. Ba na gaya miki ba? Na karanta wa Suwadra, na karanta wa shaiduna biyu, har wanda bai tambaya ba na karanta masa. Takardar taki gajera ce kamar tawada ta ƙare miki, amma na yafe, na san hannunki yana cikin wardi.

A ranar na sassaƙa layin ƙasa. Ban taɓa yin haruffa masu kyansu ba. Na bar wa abokin aikina abin da ke gabana, na naɗe dutsen da ciyawa da tsumma kamar jariri. Akwai jirgin giya da zai tashi jibi, shi zan bi, wannan takardar za ta riga ni da na yau. Suwadra ta ce ita da yara sai wani zuwan. Ta wanke min farin mayafina na fita, wai kada in shiga garinmu kamar lebura.

Ki ce wa Inna ta jiƙa wake. Ki ce mata na yi furfura a gefe, kada ta yi min dariya. A'a, bar shi, kada ki gaya mata, ina so in ga ko za ta lura.

*

Daga Tertulla zuwa ga Lukriyo. A ajiye a shagon Zosimus a Puteyoli, a ba shi hannu da hannu.

Sannu da hanya, ƙanena. Ina fata teku ba ta wahalar da kai ba. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ƙarya na yi maka. Inna ba ta warke ba. Na kai ta ranar bikin, wannan gaskiya ne. Na yi mata wanka, na sa mata rigarta mai kyau, na tsayar da ita daidai inda ta tsaya da farko. Duk tsofaffin 'yantattun garin suna nan, ana ta gaishe ta da sunanta. Ta dubi siffar Uwargijiya ta daɗe tana dubawa. Sai ta ja hannuna ta ce, "Uwar ɗakina, wace ce wannan matar? Mu tafi kada a ga mun daɗe."

Na dawo gida na rubuta maka abin da ka karanta. Na san abin da na yi. Na ɗora wa Uwargijiya aikin da ba ta yi ba, na sa ka yi mata godiyar ƙarya a kan dutse. Da Hilarus ya ji sai ya ɗauke min wuta, daga baya ya sa na kai ɗan alade na wanke laifi, shi ma ya riƙe min shi har can. Ban ce na yi nadama ba, don ban yi ba. In Mens za ta karɓe nawa hankalin a kan wannan, ta bari sai na gama da Inna.

Na rasa yadda zan fitar da kai daga bakancen nan, sai na ga ƙofa ɗaya ce, ka ɗauka an biya maka buƙata. Amma ba zan bari ka shigo gida da fara'arka ka ci karo da ita haka ba, shi ya sa na tare ka a nan. Ga jiragen Narbo a gabanka, ga hanyar Pestum a bayanka. Ba za ta gane ka ba, kada ka sa rai. In ka juya ba zan zage ka ba. Ƙarya ne, zan zage ka, amma ba zan daina rubuto maka ba.

Na share maka ɗakinka.

*

Daga Lukriyo, a Puteyoli, zuwa ga yayarsa Tertulla.

Gaisuwa, Yaya. Na iso nan lafiya daga wajenku, amalanken ya kusa karya min ƙugu amma na iso. Ki gaida Hilarus, ki ce masa ban riƙe shi ba da ya ce dutsen ba zai shiga ɗakin ba. Gaskiyarsa ne, ni ma da ni ne haka zan ce.

Duk zaman da na yi a gidanku ba mu yi maganar kirki ba, ni da ke. Na zo da fushinki na tafi da saura, ke kuma bakinki ba ya gajiya. Akwai abin da ya faru da ban iya gaya miki baki da baki ba.

Kin ga ranar da na iso. Na shigo da farin mayafin nan, ta miƙe zumbur ta manne da bango ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, maigida ba ya nan." Na ce, "Inna, ni ne, Auta." Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Haka muka yi ta yi har kaka ta shigo, in na shigo ta tashi, in na zauna ta tsaya, har na koma ina kewaye ta don ta samu ta huta. Na ƙetare teku na zo na hana uwata zama.

Ana jibi zan taho, kina wajen matsar turare, Hilarus yana ɗakin bauta, na ce bari in kankare layin nan na ƙasa, kada in bar muku ƙarya a tsakar gida. Na tuɓe mayafin, na sa tsohuwar taguwar aikin Hilarus, na zauna a ƙasa da ƙarfe da guduma. Ƙura ta rufe ni fari fat har gashin ido. Ban ji zuwanta ba. Sai na ji an zauna kusa da ni an ce, "Kai, yaushe aka sayo ka?"

Yaya, muryarta ce. Ta da, mai kaifin nan, ba ta ladabin ba. Na ce, "Ban daɗe ba." Ta ce, "Ai na gani, ko zama ba ka iya ba. Gyara bayanka, in ka yi doro gona za su tura ka."

Ta waiga hagu da dama, ta zaro gurasa daga cikin riga, ta raba biyu ta ba ni babban, ta ce in ci da sauri. Ta gaya min waɗanda zan kiyaya a gidan. Ta ce uwar ɗakin tana da faɗa amma ba ta duka, kuma tana kuka in ta ɗauka ba a ganin ta. Ta tambaye ni ko ina da uwa. Na ce ina da ita, a nesa. Ta ce, "Haka ake yi mana."

Sai ta matso ta rage murya. Ta ce, "Ni ina da yaro namiji. Ba irinmu ba ne, da 'yancinsa na haife shi. Ba wanda ya taɓa duba haƙoransa a kasuwa. Ya tashi rana ɗaya ya ce zai tafi ƙetaren teku, ya tafi, ba wanda ya isa ya ce masa ina za ka. Bai dawo ba, kuma ba mai aikawa a kamo shi." Tana faɗa tana ɗaga kai. Na ce, "Ba kya kewarsa?" Ta ce, "Kai, kamar in mutu. Amma in an taɓa aiken ka wajen ka gan shi, kada ka gaya masa. Yana da taushin zuciya, sai ya dawo. Ban haife shi don a ɗaure shi ba, ko da ni ce igiyar."

Na ce mata to. Muka cinye gurasar. Da ta ji motsinki a ƙofa ta tashi ta kama tsintsiya.

Ban san abin da zan ce da Mens ba. Ba ta yi nata ba, ban yi nawa ba, dutsen yana nan jingine da rijiyarku da rabin layi a kankare. Ki bar shi inda yake. Akwai sauran aiki a kansa, kuma ba na so ya ƙare da wuri.

Jirgin Narbo ya tashi jiya, shi ne na ƙarshe kafin a rufe teku. Na kai kayana har bakinsa, na tsaya, na dawo da su. Takarda kawai na ba su zuwa ga Suwadra. Za ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta ce dama ta sani. Abokin aikina zai kula da su har bazara. Ina jiran amalanken da zai juyo kudu, wannan za ta riga ni da masu alfadarai.

Ga abin da nake roƙo. Farin mayafin na bar shi wajen Zosimus. Ki ajiye min taguwar Hilarus, kada ki wanke ta. Ɗakina kuma ki zuba kayanki a ciki, ki shimfiɗa min tabarma kusa da madafa, inda take kwana. Kada ki ce min Auta a gabanta, kada ki ce min Lukriyo. Ki riƙa yi min tsawa, wannan ba sai an koya miki ba. In ta tambaya, ki ce mata wanda aka sayo kwanan baya ne, an fasa sayar da shi.